Ƙara Amfilifaya a Kayan Sautin Mota: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi maimaituwa a bakin masu mota da suka ƙuduri niyyar ƙara amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ɗaya ko biyu a kan kayan sautin da motarsu ta zo da su. An faro daga masu sauƙi zuwa masu buƙatar ɗan lissafi, kuma duk inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna wurin da za a duba.

Rediyon motata yana ɗauke da rubutun wat 50 sau huɗu. Mene ne amfanin ƙara amfilifaya?

Wannan rubutu adadi ne na ƙololuwa, wato abin da na'urar za ta iya fitarwa na ƙiftawar ido, shi ma a gurɓace. Ƙaramar amfilifayar da ke cikin rediyo tana aiki ne kai tsaye da wutar mota, wadda take tsakanin bolt 12 da 14.4, kuma abin da wannan wuta za ta iya turawa cikin lasifika mai om 4 (ma'aunin tirjiyarta ga wuta) ba tare da sautin ya tsage ba bai wuce wat 15 zuwa 22 a kowane layi ba, wato kowace mafitar da ke tura lasifika. Iyaka ce da lissafin lantarki ya gindaya, don haka sauya rediyo da wani mai tsada galibi ba ya kawar da ita.

Amfilifaya ta waje tana da wani sashe da ke ɗaga wutar batir zuwa bolt 30, 40 ko fiye kafin ta miƙa wa lasifika, shi ya sa take iya ba da wat 75, 100 ko ɗaruruwa. Abin da kunne zai fara lura da shi shi ne tsabtar sauti: bugun ganga ya fito da nauyinsa, muryar mai waƙa ko mai karatu ta tsaya daram ko da ana gudu a babbar hanya, inda ƙarar taya da iska kan cinye ƙananan sautuka.

Wane adadin wat zan duba idan zan saya?

A duba adadin da aka rubuta RMS a gefensa, domin shi ne ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa a kai a kai. Adadin da aka laƙaba wa "Max" ko "Peak", wanda galibi shi ake bugawa da manyan lambobi a jikin kwali, ba a gina lissafi a kansa. Akwai ma'aunin masana'antar lantarki ta Amurka mai suna CTA-2006, wanda a da ake kira CEA-2006, da ke auna amfilifaya a kan bolt 14.4 da lasifika mai om 4, gurɓatar sauti kuma ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Na'urori biyu masu wannan tambari ana iya kwatanta su bisa adalci.

Idan babu tambarin, fis ɗin da ke jikin amfilifayar yakan tona asiri. Wadda ke da fis mai amfiya 30 ba za ta iya zuƙar fiye da kimanin wat 430 daga mota ba, kuma wani kaso na wannan zai tafi a zafi. Duk wanda ya ce irin wannan na'ura tana ba da wat 3,000 yana sayar da lamba ce kawai.

Idan na ninka yawan wat, ƙarar za ta ninka?

A'a. Ninka ƙarfi sau biyu yana ƙara desibel 3 ne kacal a ma'aunin ƙara, bambancin da ake ji amma ba mai yawa ba. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka ana buƙatar kusan desibel 10, wato ƙarfi ninki goma. Saboda haka tashi daga wat 18 na rediyo zuwa wat 75 canji ne babba, kusan desibel 6, amma tashi daga wat 600 zuwa 800 da ƙyar a lura da shi, alhali wutar da zai ci ta ƙaru da kashi ɗaya cikin uku.

Tunda ana maganar desibel, ya dace a san cewa hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ƙayyade desibel 85 na tsawon sa'a takwas a matsayin iyaka, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. A desibel 100 minti 15 ne kawai. Cikin mota wuri ne ƙarami a rufe, wufa, wato lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri, mai matsakaicin ƙarfi ma tana wuce wannan adadi cikin sauƙi, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Amfilifaya ɗaya mai layi biyar ta fi, ko guda biyu daban-daban?

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne amfilifaya mai layi huɗu ta ɗauki lasifikun ƙofofi, sannan mai layi ɗaya ta ɗauki wufa. Mai layi biyar tana haɗa ayyukan biyu a gida ɗaya, tana rage yawan wayoyi da wurin da za a cinye, kuma ga wanda wufarsa ba ta buƙatar fiye da wat 300 zuwa 500, a ganina ita ce zaɓin da ya fi hankali. Guda biyu suna da tasu fa'idar: ana iya sauya ɗaya a bar ɗaya, zafi yana rarrabuwa, kuma idan wufa ta zuƙi wuta da ƙarfi ba ta raunana sashen da ke kula da muryoyi kamar yadda kan faru idan suna shan wuta daga tukunya ɗaya.

Sai kuma batun aji. Amfilifaya ajin AB tana mayar da kashi 50 zuwa 65 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa sauti, sauran ya zama zafi. Ajin D yana kai kashi 80 zuwa 90, ga ƙanƙanta ga rashin zafi sosai. A da ana keɓe ajin D ga wufa kaɗai saboda ba ya fitar da siririn sauti da kyau, amma na zamanin nan masu ɗaukar dukkan sautuka sun inganta ƙwarai. Wannan bambanci yana da tasiri kai tsaye a lissafin da ke tafe na altaneta, wato na'urar da ke samar da wuta idan inji na aiki.

Mene ne om, kuma yaya zan daidaita lasifika da amfilifaya?

Om ma'auni ne na yadda lasifika ke tirjiya ga wutar da ke ratsa ta. Gwargwadon ƙanƙantar adadin, gwargwadon yawan wutar da za ta zuƙa daga amfilifaya. Yawancin lasifikun ƙofa om 4 ne, wufa kuwa tana zuwa da om 4 ko 2, wasu ma da koyil biyu a cikinta, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa fatar lasifika. Idan aka haɗa koyil biyu masu om 4 kafaɗa da kafaɗa, wato fozitif da fozitif, negetif da negetif, jimilla ta zama om 2. Idan aka jera su bi da bi, negetif ɗin na farko ya shiga fozitif ɗin na biyu, ta zama om 8. Kowace amfilifaya tana da mafi ƙarancin om da za ta iya jurewa, a rubuce a takardarta, kuma sauka ƙasa da shi yana jawo zafi da ɗaukewa, wani lokaci ma ƙonewa.

Haɗin gada, wato a haɗe layi biyu su tura wufa ɗaya, yana da tarkon da ke kama mutane da yawa. A wannan haɗi kowane layi yana ganin rabin nauyin ne, don haka wufa mai om 4 tana zame wa kowannensu om 2. Wufa mai om 2 a haɗin gada tana zama om 1 ga kowane layi, abin da yawancin masu layi biyu ko huɗu ba sa ɗauka.

Game da wat kuwa, a nemi amfilifayar da RMS ɗinta, a daidai om ɗin da za a yi aiki da shi, ya yi kusa da RMS ɗin lasifikar. Ɗan rinjaye daga ɓangaren amfilifaya ba ya cutarwa muddin an saita ta yadda aka bayyana a tambayar da ta shafi maɓallin "Gain".

Altanetar motata za ta iya ɗaukar amfilifaya biyu?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara amsawa kafin a sayi komai, domin amfilifaya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, tana sarrafa wanda motar ta ba ta ne. A ɗauki misalin mai layi huɗu ajin AB da ke ba da wat 75 a kowane layi, jimilla wat 300. Idan ingancinta kashi 60 ne, za ta sha wat 500. A ƙara mai layi ɗaya ajin D ta wat 600 mai inganci kashi 80, wadda za ta sha wat 750. Jimillarsu wat 1,250, idan aka raba da bolt 13.8 ya ba da kimanin amfiya 90.

Altanetar ƙananan motoci galibi tana ba da amfiya 80 zuwa 150, kuma tana kaiwa wannan adadi ne idan inji yana juyawa da sauri. A tsaye, inji na aiki a hankali, abin da take bayarwa yana raguwa sosai. Daga ciki motar kanta tana cin nata kaso a fitilu, fankar radiyeta, na'urar sanyaya ɗaki, famfon mai da kwamfutar inji. Abin da ke sassauta lamarin shi ne kiɗa ba ya tsayawa a ƙololuwa. Yana hawa yana sauka, kuma matsakaicin abin da yake ci bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na lissafin ba. Saboda haka tsarin da ke cikin misalin nan yakan zauna lafiya a mota mai lafiyayyar altaneta da batir, amma da zarar jimilla ta haura wat 1,000 na RMS sosai, sai a karanta amsar da ta shafi dusashewar fitilu tun kafin a fara aiki.

Gwajin farko mai sauƙi ne. A auna batir da mitar awon wuta inji a kashe, ya kamata a ga kusan bolt 12.6. A tada inji a sake aunawa, a yawancin motoci za a ga 13.8 zuwa 14.4. Motar da ba ta kai haka ba tana buƙatar gyara kafin a ɗora mata wani nauyi.

Wace irin waya zan ja daga batir, kuma yaya kaurinta?

Ana auna kaurin wayar sauti da ma'aunin AWG, inda ƙaramar lamba ke nufin waya mai kauri. Lamba 8 tana da faɗin baki na kusan murabba'in milimita 8.4, lamba 4 tana da 21, lamba 1/0 kuma 53.5. Amfanin kauri yana bayyana da lissafi: amfiya 90 a cikin mita biyar na jan ƙarfe lamba 8 suna zubar da kusan bolt ɗaya a hanya, su mayar da fiye da wat 80 zafi a ƙarƙashin kafet. A lamba 4 asarar ba ta kai rabin bolt ba. Ga misalin amfilifaya biyu da aka kawo a sama lamba 4 ta wadatar, amma wanda ya san zai ƙara wata nan gaba gara ya ja 1/0 tun farko, don kada ya sake kwance kujeru da kafet.

A kula da abin da aka yi wayar da shi. Mai alamar OFC jan ƙarfe ce zalla. Mai alamar CCA alminiyam ce da aka yi wa rufin jan ƙarfe, kuma tana ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku ne na abin da jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka, ga saurin ruɓewa a bakin haɗi idan danshi ya same ta. Idan dole sai da ita, a ƙara kauri da mataki ɗaya. Akwai kuma wayoyin da robarsu ce mai kauri, ƙarfen ciki siriri, don haka a yanka baki a duba da ido.

A ina ake sa fis, kuma mai amfiya nawa?

Babban fis yana zama kusa da kan batir mai alamar fozitif, bai wuce santimita 45 ba, kuma gwargwadon kusancinsa gwargwadon aminci. Aikinsa kare wayar ne, da motar baki ɗaya. Idan robar waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, batir yana iya tura ɗaruruwan amfiya nan take, wayar ta yi ja, kafet ya kama da wuta. Fis ɗin da ke jikin amfilifaya a can cikin but ba ya hana wannan, domin duk tsawon wayar da ke tsakaninsa da batir ba ta da kariya. Ban san wani mataki a wannan aiki da ya fi wannan muhimmanci ba, kuma ba na ganin uzuri ga mai wayarin da ya tsallake shi ko na gwajin minti biyar ne.

Girman fis yana bin kaurin waya. Ga jan ƙarfe zalla, lamba 8 ba a cika wuce amfiya 50 ba, lamba 4 tsakanin 100 da 150, lamba 1/0 tsakanin 250 da 300. Idan amfilifaya biyu ce, babbar waya ɗaya ake ja zuwa baya, ta shiga akwatin rabon wuta, daga nan ƙanana su fita zuwa kowace na'ura. Duk inda kauri ya ragu dole a sa sabon fis daidai da ƙaramar wayar, domin fis mai amfiya 150 yana iya ƙin tsinkewa har robar waya lamba 8 ta narke.

Inda wayar za ta ratsa bangon ƙarfen da ya raba inji da ɗakin mota, a bi ta cikin zoben roba. Kafin a taɓa komai a cire kan batir na negetif, kuma fis ɗin shi ne abu na ƙarshe da ake sakawa bayan an gama duk sauran haɗi.

Yaya ake haɗa wayar at yadda ya kamata?

Duk wutar da ta shiga amfilifaya ta wayar fozitif sai ta koma batir ta jikin mota, don haka wayar at, wadda ke fita daga ramin da aka rubuta wa GND, kaurinta ɗaya da wayar wuta. Ta zama gajera, ƙasa da rabin mita idan zai yiwu. A kankare fenti har farin ƙarfe ya bayyana, a ɗaure da noti mai ƙarfi a sashen jikin mota mai kauri, sannan a shafa abin da zai hana tsatsa a kai. A guji notin bel ɗin kujera, domin abin tsaron rai ne da aka ɗaure da ma'auni na musamman. Kafin a huda ko'ina a leƙa ƙarƙashi, saboda tankin mai, bututun birki da damin wayoyi sukan bi ta ƙasan but da kujerar baya.

Idan amfilifaya biyu ce, su sauka a wuri ɗaya ko dab da juna. Raba su nesa yana haifar da ɗan bambancin wuta tsakaninsu, wanda shi ne tushen kukan da aka yi bayani a tambayar da ta shafi ƙarar da ke bin totur.

Wace waya ce ke kunna amfilifaya, kuma za ta iya kunna biyu ko uku?

Siririyar waya ce da ke shiga ramin REM, tana kawo bolt 12 idan an kunna rediyo. A rediyoyin da ake saya daban launinta shuɗi ne mai ratsin fari. Shuɗiya zalla ta eriya ce, kuma a wasu rediyoyin tana ɗaukewa idan an bar tashar rediyo an koma wata hanyar sauti, sai amfilifaya ta mutu ba a san dalili ba. Wutar da wannan waya ke iya bayarwa kaɗan ce, 'yan ɗaruruwan miliamfiya. Amfilifaya biyu ba su cika gagarar ta ba, amma idan aka ƙara ta uku, ko fanka, ko na'urar sarrafa sauti, a sa rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa: wayar rediyo ta shiga ƙafa ta 86, ƙafa ta 85 ta tafi at, ta 30 ta karɓi wuta mai fis, ta 87 ta rarraba wa na'urorin.

Ba na son cire rediyon da motar ta zo da shi. Ta ina amfilifaya za ta samu sauti?

Rediyon da aka saya daban yana da ramukan RCA da ke fitar da sauti mara ƙarfi, bolt 2 zuwa 5, sau da yawa jere uku: gaba, baya da wufa. Idan jeren bai isa ba, amfilifayoyi da dama suna da ramin fita da ke miƙa sautin ga ta biyu. Rediyon asali kuwa galibi ba shi da RCA, don haka ana ɗaukar sautin daga wayoyin lasifika, ko dai a shigar da su kai tsaye idan amfilifayar tana karɓar irin wannan, ko a bi ta ƙaramar na'urar da ke rage ƙarfinsu zuwa na RCA.

Motocin zamani sun ƙara wa lamarin wuya. Da yawa daga rediyoyinsu suna rage kaurin sauti da gangan idan an ƙara murya, don kare lasifikun asali, sai wufar da aka saka ta yi rauni a daidai lokacin da ake son ta. Wasu suna kashe layi idan ba su ji nauyin lasifika a kansa ba. Masu tsarin Bose, JBL ko Harman Kardon suna da tasu amfilifayar da ta riga ta rarraba sautin, wasu motocin Turai ma ta zaren haske na tsarin MOST suke aika shi. Akwai kuma masu makirufo a rufi da ke soke ƙugin inji ta hanyar lasifika, kuma idan ba a kashe wannan tsari ba sabuwar wufa takan yi ta gurnani ita kaɗai. A irin waɗannan motoci ana buƙatar na'urar DSP, mai haɗe sautin ta daidaita shi, ko mahaɗin da aka ƙera wa samfurin motar musamman.

Yaya ake saita maɓallin da aka rubuta wa "Gain"?

Wannan maɓalli yana daidaita ƙarfin sautin da ke fitowa daga rediyo ne da abin da amfilifaya ke buƙata don ta kai cikakken ƙarfinta. Murɗa shi zuwa ƙarshe ba ya ƙara mata ko wat ɗaya. Abin da yake yi shi ne sa ta kai iyakarta da wuri, daga nan sai ta fara yanke kawunan igiyar sauti. Sautin da aka yanke wa kai yana ɗauke da matsakaicin ƙarfi fiye da lafiyayye, koyil ya yi ta zafi har gam ɗinsa ya saki ko ya ƙone. Yawancin wufofin da ake cewa "ba su da ƙarko" a nan suka mutu.

Ana iya saita shi da mita. A ninka wat da om, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da sakamakon. Wat 600 a om 2 ya ba da 1,200, wato bolt 34.6. Wat 75 a om 4 ya ba da 300, wato bolt 17.3. A cire wayoyin lasifika, a mayar da duk gyare-gyaren sauti na rediyo zuwa sifiri, a kai murya kusan kashi uku cikin huɗu, a kunna sautin gwaji mai Hz 50 (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne) ga wufa ko Hz 1,000 ga ƙofofi, a sa mita a ma'aunin AC a bakin fitar lasifika, a murɗa a hankali har lambar ta bayyana. Wannan hanya ta dogara da gaskiyar adadin RMS da kamfani ya rubuta, shi ya sa mai na'urar osiloskof, wadda ke nuna siffar igiyar a allo, ya fi samun daidai.

Maɓallin "Bass Boost" kuma a bar shi a sifiri. Ƙarin desibel 6 a wurin yana neman ƙarfi ninki huɗu, wanda amfilifayar da aka riga aka saita zuwa iyakarta ba ta da shi.

Mene ne aikin HPF da LPF?

Rariya ce ta sauti. HPF yana barin siririn sauti ya wuce ya tare mai kauri, LPF yana yin akasin haka. Mafari mai kyau shi ne a sa HPF a Hz 80 ga lasifikun ƙofa, LPF a Hz 80 ga wufa, sannan a gyara da kunne. Ƙananan lasifiku, masu inci huɗu misali, suna son a ɗaga zuwa Hz 100 ko 120. Sauke wa ƙofofi nauyin kaurin sauti yana sa su ɗauki ƙarfi fiye da da ba tare da karkarwa ba, kuma wannan rabon aiki shi ne babbar ribar amfilifaya ta biyu. Idan akwatin wufa mai rami ne, a kunna rariyar "Subsonic" ƙasa kaɗan da inda aka saita ramin, domin a ƙasa da nan iskar akwati ba ta riƙe fatar wufa, sai ta yi ta fizga fiye da kima. Idan kuma an ji kaurin sauti ya ɓace a kujerar direba, a juya maɓallin "Phase" daga 0 zuwa 180 a saurari wanda ya fi cika.

Fitilun gaba suna dusashewa idan ganga ta buga. Kafasita zan saya ko batir na biyu?

Dusashewar tana nuna cewa wuta tana faɗuwa daga bolt 14 na altaneta zuwa bolt 12 da ɗoriya na batir. A fara da mafi arha: a gwada lafiyar batir, a wanke kawunansa, a duba wayar at da saitin "Gain". Bayan haka sai gyaran wayoyi uku, wato a ƙara waya mai kauri daga altaneta zuwa fozitif ɗin batir tare da fis, daga negetif zuwa jikin mota, da kuma daga inji zuwa jikin mota. Ana ƙara su ne a kan na asali ba tare da an cire komai ba.

Kafasita, wato na'urar da ke ajiye 'yar wuta ta sake ta da sauri, ba ta yin abin da ake zato. Mai farad ɗaya, idan wuta ta sauka daga bolt 14 zuwa 12, abin da take saki jul 26 ne a ma'aunin makamashi, alhali amfilifaya mai shan wat 1,000 tana cin jul 1,000 a daƙiƙa guda. Tana iya tausasa ɗan gajeren bugu, amma doguwar gurnanin wufa tana ƙarar da ita nan take. Batir na biyu, irin AGM da ba ya zubar da ruwa, yana taimakon mai sauraro inji a kashe, sai dai shi ma altaneta ce za ta cika shi, kuma wayar da ta haɗa batura biyu tana buƙatar fis a kowane ƙarshe. Idan matsakaicin abin da ake ci ya fi abin da ake samarwa, altaneta mai ƙarfi ce kaɗai magani.

Ina jin wani siririn kuka da ke tashi idan na taka totur. Daga ina yake?

Kukan altaneta ne da ya samu hanyar shiga layin sauti, kuma mafi yawan lokuta ta bambancin at tsakanin rediyo da amfilifaya yake shiga. A bi shi mataki mataki. A zare RCA daga amfilifaya: idan kukan ya ci gaba, matsalar tana wurin at ɗinta ko a cikinta. Idan ya tsaya, a kawo wata RCA a shimfiɗa ta a kan kujeru daga rediyo zuwa baya. Idan wannan ta yi shiru, tsohuwar ta lalace ko ta bi kusa da wata wayar wuta, shi ya sa ake jan wuta ta gefe ɗaya na mota, RCA ta ɗaya gefen. Idan har yanzu yana nan, a gyara at ɗin rediyo. "Gain" da ya yi yawa yana ƙara fito da kowace irin ƙara, kuma altaneta mai lalataccen dayod tana yin kukan da babu gyaran wayar da zai kashe shi.

Amfilifaya tana ɗaukewa, jar fitila ta kama. Me ya faru?

Ta shiga yanayin kare kanta ne, kuma lokacin da abin ke faruwa yana nuna dalili. Idan tun daga kunnawa ne, a cire wayoyin lasifika da RCA a sake gwadawa. Fitilar ta koma daidai, to wata wayar lasifika ta taɓa ƙarfe ko koyil ya ƙone. Ta ci gaba da ja babu komai a haɗe, na'urar ce ta lalace a ciki. Idan sai an ƙara murya take ɗaukewa, a auna wuta a bakin amfilifayar kanta lokacin da ganga ke bugawa, domin faɗuwa zuwa bolt 11 ko ƙasa tana nuna siririyar waya ko sakakken at, sannan a sake lissafin om. Idan kuwa sai bayan rabin sa'a ne, zafi ne. Kada a kife ta, kada a rufe ta da kafet, a bar mata sararin iska ta kowane gefe, kuma a guji ɗaure ta a jikin akwatin wufa, inda girgiza ke kwance haɗin da ke cikinta sannu a hankali.

Motata sabuwa ce mai kashe inji a tsaye, ko mai haɗa fetur da lantarki. Akwai abin da ya bambanta?

Akwai. Yawancin irin waɗannan motoci suna da ƙaramar na'ura a kan negetif ɗin batir da ke ƙirga wutar da ke shiga da fita. Duk wayar at da aka ɗaura kai tsaye a kan batir ta tsallake wannan na'ura tana rikita lissafin caji, don haka a jikin mota ake ɗaure ta. Wutar cajinsu ma tana hawa da sauka bisa umarnin kwamfuta, saboda haka ganin bolt 12.8 ana cikin tafiya ba lallai ne alamar lalacewa ba. A lokacin da inji ke sake tashi wuta takan faɗi na ɗan lokaci, kuma amfilifayar da ba a ƙera ta da jure hakan ba tana yanke sauti a kowace tsayawa.

Motoci masu haɗa fetur da lantarki, da masu lantarki zalla, galibi ba su da altaneta. Wata na'ura ce ke sauko da wutar babban batir zuwa bolt 12, tana da iyakar amfiyar da take bayarwa, kuma ba a sauya ta da mai ƙarfi kamar yadda ake yi wa altaneta. A nan ajin D mai matsakaicin ƙarfi ya fi dacewa, kuma lissafin da aka yi a tambayar altaneta sai a yi shi da adadin wannan na'ura. Wayoyi masu launin ruwan lemo suna ɗauke da ɗaruruwan bolt masu iya kisa, masu mahaɗi rawaya kuma na jakar iska ta tsaro ne. Ba a yanka su, ba a huda kusa da su, ba a kuma ɗaura wata waya a jikinsu.